Sarƙar da Tsohuwa Ta Ajiye Shekara Sittin

'Yar'uwa, ko kin taɓa kallon Madrasapattinam? Fim ne na yaren Tamil, mutanen kudancin Indiya, wanda A. L. Vijay ya ba da umarni, ya fito a 2010. Masu kallo sun fi yabon soyayyar da ke cikinsa, amma ni tsohuwar fim ɗin ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta nake son mu yi hira.

Labarin ya faru ne a birnin Madras, wanda aka sauya wa suna zuwa Chennai a 1996, gab da ƙarshen mulkin Turawan Ingila, waɗanda mu ma suka mulke mu har 1960. Amy, wadda Amy Jackson ta fito a matsayinta, 'yar gwamna ce. Parithi kuwa, wato jarumi Arya, mai wanki ne kuma ɗan kokawa. Turawa na son ƙwace filin da masu wanki ke neman abinci don su yi filin wasan golf, ita kuma zuciyarta ta karkata wajen talakawan. Har ta kai Parithi ya ba ta thali na mahaifiyarsa, sarƙar da ango ke ɗaura wa amarya a wuya a al'adarsu. A ranar 15 ga Agusta, 1947, Indiya ta sami 'yancin kai, su kuma aka raba su.

Bayan shekara sittin da 'yan kai, Amy ta tsufa a Ingila, ta yi aure, ta ga jikoki, ciwo ya kwantar da ita. Sai ta ce a kai ta Madras ta mayar wa mai sarƙa sarƙarsa, tunda wani ta aura, ba ta da hakki a kanta. Tsohon hoto ɗaya kawai ke hannunta. Jikarta Catherine ce ta ɗauki maganar da muhimmanci, ta raka ta suka bi lungu-lungu suna cigiya a birnin da ya sauya kama.

A aikina na jinya, irin wannan tsohuwar ba baƙuwa ba ce. Da dare ya raba, ɗakin majinyata ya yi tsit, musamman idan gobe za a shiga tiyata, bakin tsofaffi yakan buɗe. Wata za ta kira sunan ƙanwar da suka yi shekara talatin ba sa ga-maciji. Wata za ta ce akwai ajiyar wata baiwar Allah a ƙasan adakarta. Wata kuma bashin adashe ne, wanda ko kuɗin cefanen yau bai kai ba, amma ya hana ta runtsawa. Sau da yawa sai ka ji 'ya'ya sun ce, "Hajiya, ki daina sambatu, ki kwanta ki huta." Gaskiya ne zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki ko wasu magunguna kan rikita tsoho, kuma idan kin ga haka ki gaya wa likita nan take. To amma wadda ta san inda take, ta san ki, kuma take maimaita suna ɗaya kullum, amana take son saukewa.

Ki yi haƙuri, zan ɗan ɓata miki ƙarshen fim ɗin. Amy ba ta tarar da Parithi a raye ba, kabarinsa ta samu. Ta samu kuma bai taɓa aure ba, ya kafa wuraren taimakon talakawa don tunawa da ita. Da ta sami mai saurarenta tun tana da sauran ƙarfi, wataƙila da hannu da hannu za ta miƙa masa sarƙar.

Mu iyaye mata muna tsakiya, ga yara a ƙasa, ga tsofaffi a sama, ga aiki, ga tukunya. Mun iya tambayar Inna ko ta sha magani, ko ta ci tuwo, amma ba kasafai muke tambayarta wa take kewa ba. Kada ki bari sai an kwantar da ita. A ƙarshen makon nan, yayin da kike yi mata tsifa ko kike matsa mata ƙafa, ki ce, "Inna, akwai wanda kike so in kira miki? Akwai saƙon da kike so in kai?" Idan ta yi shiru, ki ƙyale ta, ki sake tambaya wani jiƙon. Ki kuma zaunar da 'yarki kusa ta ji, don wani lokaci abin da uwa ke jin nauyin gaya wa 'ya, jika take gaya wa.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Ya jiƙan su.