Kaka a gaɓar rafi, ƙasar Makoda

Asabar

Ruwan sama ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran wuƙa. Daga Koguna na ratsa gonaki a ƙafa zuwa rafin da ke gangaren ƙauyen kawuna. A kan jigawa ƙasa ta riga ta yi fari, kyasuwa ta bushe a kan iyakoki, itatuwa kuma kowanne na tsaye shi kaɗai: ɗorawa nan, kuka can, tsamiya da harawar wake a jibge a reshenta. Da ka gangara sai iska ta sauya. Kanya, ɗinya, ɓaure da giyayya sun haɗa kai, inuwa ta rufe, ƙasa ta koma baƙa mai danshi. Faɗin kurmin bai wuce jifa da dutse ba, amma tsuntsayen da ke cikinsa sun fi na dukan gonakin da na ratso.

Lahadi

Rafin ya daina gudu, ya tsittsinke ya zama kududdufai. Da hantsi wasu 'yan mata suka zo da ƙwarya, suka tona yashin tsakiyarsa. Ba su kai gwiwar hannu ba ruwa ya tsattsafo, da fari gurɓatacce, can ya kwanta garau. Ashe rafin yana nan, ƙarƙashin yashi ya koma. Inuwa tana rage masa zafin rana, ruɓaɓɓen ganye yana sa ruwan damina ya nutse maimakon ya kwarare, saiwoyi kuma sun ɗaure gaɓa. A cikin taɓon gefe gaiwa take binne kanta, ta kwana rani cur tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Na ga sawun guza, jela ta ja layi a tsakanin tafukan.

Litinin

Gawo ya soma tofo. Duk damina a tuɓe ya yi ta, gero ya sha rana a gindinsa, yanzu da kowa ke zubar da ganye shi kuma ya yi kore, don saiwarsa tana kaiwa ga ruwan can ƙasa. Nan gaba 'ya'yansa za su zuba, awaki da shanun Fulani su yi ta tsinta suna barin taki a wurin.

Talata

Na zauna da kawu a gindin kanya. Na ce, “Kawu, ai kurminku na nan da ransa.” Ya yi dariya ya ce, “Kai yaro, tashi ka nemo min ƙaramar kanya guda, wadda ba ta kai tsayinka ba.” Na tashi na bi gaɓa sama da ƙasa. Darbejiya ƙanana birjik, har a ƙarƙashin ɓaure inda jemagu da tsuntsaye ke yar da ƙwallonta. Kanya kuwa, ko ɗinya, duk manya ne. Kurmin ya zama kamar garin da ba a jin kukan jariri.

Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a bai cinye itatuwan gona ba, domin kowace bishiya tana da mai ita, kuma manomi ba ya sare abin da ke ba shi kalwa da inuwa. Gaskiya ne, har yau ba ka taɓa ɗorawar wani ka kwana lafiya. Sai dai wannan kariyar manyan itatuwa kaɗai take rufewa. Tsiro ba shi da mai shi. Fartanya ta share shi da damina, wanda ya tsira akuya ta gama da shi da rani. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, ɗacinta ya fisshe ta. Ni ban ƙi ta ba, tana ba da azara da itacen girki, amma ba ta kai kanya da ɗinya ba wajen ba yaro abin tsotsa a hanyar kiwo.

Laraba

Na leƙa madatsar Tomas ta wajen Dambatta, ɗaya daga cikin waɗanda Jihar Kano ta gina a shekarun 1970. Ana ta gyaran kwamin tumatir da albasa. Noman rani ya rufa wa mutane asiri, ba mai musu. Na dawo da wuri saboda ƙura.

Alhamis

Tun asuba na ji rurin tifa. A wata kwana ta rafin masu ɗibar yashi sun rarake har sun tarar da laka, gaɓa ta zube, wani ɓaure ya kife saiwarsa a sama. Yashin nan shi ne tulun da 'yan matan ranar Lahadi ke ɗiba. Daga gefe, wani ya nome gonarsa har leɓen gaɓa, ya cire gambar da ke riƙe ƙasa, kwazazzabo ya faro daga nan ya ci masa kunya huɗu. Ban iya ganin laifinsa ba. Gonar gado ce da aka raba wa 'yan'uwa, kowa ya samu ɗan tsiri.

Juma'a

Bayan masallaci muka koma gona da ɗan kawu, wanda ya yi ci-rani a Maraɗi. Can ya ga abin da suke kira sassaben zamani, dabarar da ta bazu bayan farin 1984: ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Ya nuna min kalgo da sabara da ya yi wa haka bara, sun kai ƙirji. A bakin rafi kuma ya tsinci tsiron kanya, ya kewaye shi da ƙayar magarya.

Kawu ya ce inuwa za ta kashe dawa a wurin. Ɗan ya ce, “Baba, taku biyar kawai nake roƙo daga gaɓa, a bar wa gamba.” Suka yi ta ja har la'asar. Aka tsaya a kan taku uku, da sharaɗin cewa shi zai riƙa sabunta ƙayar duk lokacin da awaki suka ture ta.