Daren da tarin Inna ya yi shiru

Tunda ɗari ya sake shigowa, na ga ya kamata in ba ku labarin abin da ya same mu bara a gidanmu nan Damagaram. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, don laifina yana ciki.

Ni dai da an shiga watan Disamba barci yake yi mini ƙaura. Tun ina yaro haka nake. Mutane na cewa lokacin sanyi shi ne na more barci, tunda ba zufa, ba sai ka ja katifa zuwa tsakar gida kamar watan Afrilu ba. To ni ban san wannan daɗin ba. Hancina bushewa yake har ya riƙa zafi, faso ya tsattsaga mini dugadugai yana kama zaren bargo, ga kwanon rufin ɗaki yana ƙas-ƙas in sanyi ya sauka a kansa. Iskar hunturu kuma ba ta da kunya, ta ƙarƙashin ƙofa take shigowa da ƙurarta, ƙurar da wani sashenta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Da safe ka shafa tabarma ka ga hannunka fari fat.

Wanda ba ya barci ya san unguwarsa fiye da kowa. Na san lokacin da samarin fada suke shanye shayi na uku su watse. Na san karen da ke fara haushi. Na san tarin almajiran da ke kwana a zauren maƙwabcinmu, wasu ko buhu ba su da shi na rufa. Amma sautin da na fi sabawa da shi bara shi ne tarin Inna.

Mahaifiyata ce. Na ɗauko ta daga ƙauye bayan an gama girbi saboda ciwon gwiwa da ke tayar mata in sanyi ya zo. Muka ba ta ɗakin da ke jikin namu, bango ɗaya ya raba mu, tana kwana da jikokinta biyu, Hadiza mai shekara 7 da ƙanenta mai shekara 4. Kullum dare sai ta yi tari, sau biyu ko uku, ta yi salati, ta gyara kwanciya. Har na fara ƙosawa da shi, Allah ya yafe mini.

Cikin watan Janairu aka yi wasu kwanaki na sanyi mai shiga ƙashi. Inna ta ce ita fa ba ta iya kwana ba wuta, a ƙauye da garwashinta take kwana tun kafin a haife ni. Na sayo gawayi. Da hannuna na toshe tagar ɗakin da kwali, na cusa tsummoki a ƙasan ƙofa don kar iska ta dami yara. Maiɗakina ta hura gawayin a waje, ta jira hayaƙin ya ƙare, ya zama ja zur, sannan ta shigar da kaskon. Abin da muka sani ke nan dukkanmu: in hayaƙi ya ƙare, ba sauran illa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ina kwance ido biyu kamar kullum. Sai na lura ban ji tarin Inna ba tun da muka kwanta. Da farko daɗi na ji, na ce to ɗumi ya yi mata magani. Na juya. Na sake juyawa. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Na tashi na ƙwanƙwasa bango, na ce, "Inna?" Shiru. Na fita na buga ƙofa, shiru. Da na tura ta da kafaɗa na haska fitilar waya, sai na ga yaron ya yi amai a kan tabarma kuma bai farka ba. Hadiza ta buɗe ido da kyar tana cewa, "Baba, kaina." Inna kuwa tana jina amma ta kasa ɗaga jikinta, maganarta ma ba ta fita daidai.

Ban san yadda na fitar da su tsakar gida ba. Ihun maiɗakina ne ya tara maƙwabta. Wata ta kawo nono a ba su, wani ya ce a nemo manja, wata tsohuwa ta ce wannan aikin iskoki ne a kira malam. Allah ya saka wa wani maƙwabcinmu mai adaidaita da alheri, shi ne ya ce a bar surutu a ɗauke su zuwa gidan likita. Muna kan hanya, iskar nan mai sanyi da na tsana tana dukan fuskar yaron, sai ya fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba.

Majon da muka tarar ya sa musu iskar numfashi, sannan ya zaunar da ni. Ya ce iska ce ta kama su, amma ba irin wadda tsohuwar ke nufi ba. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Ko ya zama garwashi ja ba hayaƙi, yana nan yana fitar da ita. In ta shiga jini tana kama shi fiye da yadda iskar kirki ke kamawa sau sama da 200, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Alamarta ciwon kai, jiri, amai da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya ma farkawa ya ji su. Nono da manja ba sa fitar da ita. Abin yi shi ne a buɗe ɗaki, a fitar da mutum sarari, a kai shi likita ko da ya ce ya ji sauƙi.

Na ce masa, to ai Inna ta fi shekara 60 tana kwana da wuta. Ya tambaye ni wane irin ɗaki ne nata a ƙauye. Nan na gane. Ɗakin ƙasa ne mai rufin ciyawa, ƙofarsa asabari, iska na shiga ta fita ta ko'ina. Ni kuma na sa ta a ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe, na bi ƴan kafofin da suka rage na toshe. Dabararta ta dace da ɗakinta. Ni ne na canza ɗakin.

Sun kwana biyu suna ciwon kai, suka warware, alhamdu lillahi. Amma kar ku zaci Inna ta yarda nan take. Kwana huɗu da dawowarmu ta ce a kawo mata kaskonta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce, "Kai ne za ka koya mini wuta?" Mun daɗe muna ja. Daga baya muka daidaita: ta sha ɗuminta a tsakar gida bayan isha'i, kasko ba ya tsallake bakin ƙofa. Na je wurin ƴan gwanjo na sayo barguna biyu masu nauyi da safa. Maiɗakina tana zuba ruwan zafi a gora ta naɗe da zane ta sa mata wajen gwiwa. Kwalin taga na cire shi na ƙona. Inna har yau tana cewa gorar nan wasan yara ce, amma ba ta kwana ba ita.

Bana ma ta dawo, tun makon jiya. Barcina yana nan yadda kuka san shi. Daren jiya samarin fada sun watse wajen ƙarfe ɗaya, kwano ya yi ta ƙas-ƙas ɗinsa, ni kuma ina kwance kunnena na jikin bango. Ƙarfe biyu saura ta yi tari, ta yi salati. Na ja bargo, na jira na biyu.