Ƙananan Kalmomi Masu Manyan Kaya

Wanda ya fita makarantar yaƙi da jahilci da takardar shaida a hannu, sau da yawa abin da ya kan sa gaba shi ne Turanci. Dalili kuwa a fili ya ke: da Turanci a kan rubuta takardar magani, haka wasiƙar ofis. Galibi sai ya fara da tara sunayen abubuwa, yana tsammani in ya haddace dubu ya gama. Sunaye kuwa ba su ne wahalar ba. Wahalar tana wurin fi'ili, watau kalmar aiki, kuma gajerun cikinsu su suka fi ba da wuya.

Akwai wani tela a Tudun Wadan Zariya wanda ya koyi boko da furfura a gemunsa. Ya sayi littafin rubutu, ya raba kowane shafi biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. Gaban "take" ya rubuta ɗauka, gaban "put" ya rubuta ajiye, gaban "get" ya rubuta samu. Ran nan zazzaɓi ya kama shi, aka ba shi ƙwayoyi a asibiti, a jikin takardar an rubuta "take two". Ya karanta sarai, amma ya rasa inda maganar ta dosa. Ya ɗauki biyu ya kai ina? Da dai bai yarda ya yi wasa da lafiyarsa ba, sai ya koma ya tambayi malamin asibiti.

Malamin ya ce, "Baba, ai sha a ke nufi. Kullum ka sha biyu."

Tela ya koma gida yana mamakin harshen da ɗauka ke zama sha. Amma da ya zauna bakin kekensa ya yi tunani, sai ya ga ashe Hausa ma haka ta ke. Bahaushe ya kan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci sarauta, ya ci bashi, wani kuma ya ci amana, duk ba wanda ya tauna kome sai mai tuwon. Ya kan sha ruwa, ya sha iska, ya sha wahala. Baƙon da aka gaya wa ma'anar ci guda ɗaya tak, ranar da ya ji an ce wane ya ci gari, ai sai ya riƙe baki.

To, haka Turawa su ke da nasu. "Take" ɗin nan ita ce sha in magani ne, ita ce shiga in jirgi ne, in kuwa hoto ne sai ta dace da Hausa, ɗauka. "Get" samu ce a kan kuɗi, amma "get up" tashi ne, "get well" warkewa. Wadda ta fi haɗari ita ce "put", gama 'yar kalmar da ke biye da ita ke juya ta. "Put on" sa riga ne, "put out" kashe fitila, "put off" kuwa ɗaga taro zuwa wata rana. Wanda bai rarrabe su ba yana iya yin sammako zuwa taron da aka riga aka ɗaga.

Wani masani a Ingila, Ogden, ya tsara sauƙaƙƙen Turanci a 1930 da kalmomi 850 kawai, fi'ilan ciki kuwa 18 ne, har da waɗannan uku. Ba abin mamaki ba ne, tun da kowace ɗaya tana ɗaukar kayan jakai goma.

Daga nan tela ya sake dabara. Ya ba kowane fi'ili shafinsa, ba ya kuma rubuta kalma ita kaɗai, sai cikin cikakkiyar magana yadda ya gan ta a jarida ko ya ji ta a rediyo. Can saman shafi ya kan sa kamannin da ta kan sake, domin Hausa ta kan ce na tafi, zan tafi, fi'ilin yana nan yadda ya ke, amma a Turanci "go" ta yau ita ce "went" ta jiya, "take" kuma ta koma "took". Shafin "get" ne ya fara cika, har sai da ya ɗinka masa wata takarda a gefe.