Wuyan gita ba wuyan rago ba ne

A wani zaure na unguwar Birni, a Damagaram, akwai wani dattijo da ya share shekara 20 yana kaɗa gita a bukukuwa da gidajen matasa, har ya taɓa zuwa Tawa gasar Ɗan Gurmu. Yau hannunsa na hagu ko kofin shayi ba ya riƙewa sai na dama ya tallafa. Dangi sun ce sammu ne. Likita kuwa ya ce riƙo ne ya cinye hannun.

Ranar da ɗan ƙanwarsa, wani ɗan lise, ya shigo da gitar aro, dattijon bai ce uffan ba sai da yaron ya zauna. Ya sunkuya kamar mai tsintar gero, ya damƙe wuyan gitar cikin tafi, ya lanƙwashe tsintsiyar hannu, ya danna har jijiyoyi suka tashi.

«Ɗana, yanka shi za ka yi?»

«A'a, kawu.»

«To, sake shi. Wuyan gita ba wuyan rago ba ne.»

Daga nan karatu ya soma, kuma ba daga yatsu ya soma ba, daga zama ne. Baya a miƙe, kafaɗu a sake. Gita ta zauna bisa cinya, ƙirji da damtsen dama su tsare ta, kanta ya ɗan ɗaga sama. In an janye hannun hagu ta rinjaya ƙasa, zaman bai yi ba, domin aikin wannan hannu tafiya ne, ba dako ba.

Sannan babban yatsa ya kwanta a bayan wuyan, daura da na tsakiya, a bar sarari tsakanin tafi da itace kamar ana ɓoye ƙwai. Sauran huɗun su tanƙwara, akaifa a yanke, kan yatsa ya sauka dab da ƙarfen da ya gitta wuyan. A nan ɗan dannawa kaɗan ya isa tsirkiya ta yi magana.

Abin da dattijon ya fi nanatawa shi ne tsintsiyar hannu. A cikinta akwai wata ƴar ƙunƙuntar hanya da igiyoyi 9 masu motsa yatsu ke bi, tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa, manuni da na tsakiya. In aka lanƙwashe ta ana dannawa shekara da shekaru, hanyar na iya matsewa, yatsu su dinga mutuwa cikin dare. Shi haka nasa ya fara, ya ce gajiya ce, ya shafa man zafi, ya koma fage, don iyali na jiran cefane.

Yaron ya ce ai ya ga manya suna leƙo da babban yatsa ta saman wuyan. Kawun bai musa ba. Jimi Hendrix na Amurka haka ya yi. Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu a 1928, da sauran ya girgiza Faransa. Mdou Moctar namu bahago ne, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Kowa da riƙon da ya karɓe shi, amma babu wanda ya shaƙe. Ƙa'idar guda ce: abin da ya sa ciwo ba daidai ba ne.

Da la'asar yaron ya danna a hankali, ya kaɗa, sauti ya fito tas. Dattijon ya dubi nasa hannun da ke kwance bisa gwiwa, ya jima, sannan ya ce: «Gobe ka dawo. In ka ji zafi, ka aje ta. Ni ba wanda ya gaya mini.»