Labarin ɗan takara ya fi manufarsa shiga kunnenmu

Duk mai neman kujerar shugaban ƙasa a Najeriya da labarin kansa yake fara zuwa mana, manufa sai daga baya. A 2011 Goodluck Jonathan ya yi ta tuna wa jama'a cewa ba takalmi ya riƙa zuwa makaranta. Wato shi ɗan talaka ne, ya san zafin rashi. Maganar ta shiga zukata, ya ci zaɓe. Ranar 1 ga Janairun 2012 ya janye tallafin man fetur, talakawan suka cika tituna.

Buhari kuwa ba mai yawan magana ba ne, kuma shirun nan shi ne jarinsa. Mu muka yi masa maganar: Mai Gaskiya, Sai Baba. Ya sha kaye a 2003 da 2007 da 2011, har hawaye ya zubar a bainar jama'a gab da zaɓen 2011, muka ce ga mai kishin talaka. Da 2015 ta ƙarato sai ga shi cikin kwat a hotunan kamfe, ga shi a Chatham House da ke Landan yana cewa shi tsohon soja ne da ya rungumi dimokuraɗiyya. Wannan don 'yan Kudu da Turawa aka yi. Mu nan Arewa an san ba sai an lallashe mu ba.

Tinubu bai ma tsaya kwana-kwana ba. A Abeokuta, cikin Yunin 2022, ya lissafa waɗanda ya ɗora a mulki, har da Buhari, ya ce yanzu lokacinsa ne. A zaɓen 2023 ɗin, Atiku ya zo a matsayin mai haɗa kan ƙasa, Peter Obi mai tsimin kuɗin gwamnati, Kwankwaso da jar hula da yaran da ya tura karatu waje.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa ƙarara cewa za su cire tallafin mai. Mu nawa muka tsaya a kan wannan? Muna can muna gardamar addinin mataimakin ɗan takara da waƙar wa ta fi daɗi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu na hawa mulki ya sanar da cirewar, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Jama'a, 2027 na tafe. Idan ɗan takara ya gama ba ku tarihinsa, ku tambaye shi me zai yi da farashin mai, da wutar lantarki, da 'yan bindigar Zamfara, kuma da wane kuɗi.