Daga Shanga Zuwa Wara: Itatuwan da Ke Fure Bayan Ƙasa Ta Bushe

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ganin irin hoton nan ba, ko a kalandar ofishin shugaban makaranta, ko a bangon littafin rubutu, ko a fuskar wayar yayansa: 'yar madaidaiciyar bishiya a ƙofar gida, fure fari da ruwan hoda ya lulluɓe ta har ba a ganin reshe. Ɗaya daga cikin bishiyoyin da ake yawan ɗauka a irin wannan hoto ita ce wadda Turawa ke kira kirab-aful. Danginsu ɗaya da tuffa, sai dai 'ya'yanta ƙanana ne, ba su wuce girman goruba ba, wasu ma kamar kanya, ga ɗan karen tsami. Don kwalliya ake shuka ta, shi ya sa a nan za mu kira ta tuffar ado. A Ingila da Amurka tana yin fure a watannin Afrilu da Mayu.

To, idan ɗalibi a Yelwa ko Wara ya samo irinta ya shuka a tsakar gidansu, za ta yi masa irin wancan fure? Amsa ita ce a'a, kuma dalilin ya fi amsar daɗin ji.

Tuffar ado da sanyi take lissafin shekara. Idan hunturun ƙasashen can ya shigo, sai ta zubar da ganye ta kwanta barci. Idanun furenta ba sa buɗewa sai sun sha sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7 na awanni ɗaruruwa, wasu ire-iren ma sai sun haura awa 1,000. Sanyin da ke sa mu hura wuta da asuba a watan Janairu bai kama ƙafar wannan ba, ga shi kuma a Maris da Afrilu zafin Yauri yakan taɓa digiri 40. Bishiyar za ta yi ta jiran sanyin da ba zai zo ba, ta yi ɗan ganye jefi-jefi, ta tsumbure. Hatta tuffar da ake ci, a Nijeriya sai a wurare masu tudu da sanyi irin Jos da Mambila ake gwada noman ta.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Itatuwanmu su ma suna da agogonsu, amma da rani suke lissafi. Mai son ya ga haka da idonsa, sai ya bi gaɓar kogin Kwara daga ƙasar Shanga, ya ratsa Yelwa da Bin Yauri, ya gangara Wara a bakin tafkin Kainji, tsakanin watan Disamba da Mayu.

Ƙasar Shanga: gurjiya da ɗorawa

Matafiyin da ya taso daga Birnin Kebbi ta Jega da Koko, ƙasar Shanga ce ke fara tarbarsa kafin ya isa Yauri. A tsakiyar hunturu an gama girbi, ciyawa ta bushe, hazo ya rufe nesa, komai ya zama ruwan ƙasa. A cikin wannan fari-fat ɗin ne ido zai faɗa kan wata bishiya tsirara, babu ganye ko ɗaya, amma rassanta sun cika da jajayen furanni masu kauri kamar ƙananan kofuna. Ita ce gurjiya, wasu kan ce kurya. Kada ku haɗa ta da gurjiyar da ake dafawa a ci. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ɓawonta kaushi gare shi, ga ƙayoyi masu faɗin gindi. Ana busar da ƙoƙon da ke riƙe da furen a yi miya mai yauƙi, kuma mutanen Tibi a Jihar Binuwai da mutanen Burkina Faso sun shahara da wannan miya. 'Ya'yanta in sun fashe suna fitar da auduga irin ta rimi, wadda ake cusa wa matashin kai.

Kafin gurjiya ta gama, ɗorawa ta karɓa. Wajen Fabrairu zuwa Maris za ku ga jajayen dunƙule-dunƙule suna reto a dogayen igiyoyi kamar tuntun hula. Kowane dunƙule tarin ƙananan furanni ne masu ɗimbin yawa. Da rana ƙudan zuma ke kai musu ziyara, da dare kuma jemagu, kuma su ne ke kwasar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Don haka duk daddawar da ta shiga miyar gidanku, akwai hannun jemage a ciki.

Yelwa: baƙuwa daga Madagaska

Yelwa ce fadar masarautar Yauri, gari mai kasuwar kifi da albasa, inda jiragen ruwa ke sauke kaya daga ƙauyukan gaɓa da tsibirai. Inuwar titunanta mafi yawa ta dogonyaro ce. Shi ma baƙo ne, daga yankin Indiya ya fito, kuma a Barno aka fara dasa shi a Nijeriya a shekarar 1928. Ya zauna da gindinsa ne domin ƙasarsa ta asali ita ma tana da dogon rani irin namu. Wannan shi ne ma'aunin da ake auna baƙuwar bishiya da shi: a duba yanayin inda ta fito kafin a duba kyawunta.

Wata baƙuwar da ta ci wannan jarrabawa ita ce wadda masu lambu ke kira filamboyan, 'yar asalin tsibirin Madagaska. Kun san ta ko da ba ku san sunanta ba: rassanta a baje kamar lema, ganyenta ƙanana kamar na tsamiya, kwansonta dogo mai faɗi wanda yara ke kaɗawa yana caccaka. A harabar tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata na garuruwan Arewa aka fi ganin ta. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura ana ta duban gabas, sai ta kama ja kamar an cinna mata wuta. Abin sha'awa, a daidai watannin ne tuffar ado ke fure a Ingila. Ɗaya ta farka daga sanyi, ɗaya ta farka daga rani.

Bin Yauri zuwa Wara: marga da minjirya

Daga Yelwa, hanyar Kwantagora za ta kai ku Bin Yauri, tsohon birnin sarakunan Yauri, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Nan daji ya fi kauri, ga kaɗanya, ga ƙirya, ga maɗaci. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, ku riƙa duba gefen hanya da bakin rafuka don ganin marga. Furenta rawaya ne shar, yana zubowa zangarniya-zangarniya daga rassa, kwansonta kuma dogo ne baƙi mai kama da sanda. A girma da siffa, ita ce ta fi kusa da abin da mai sha'awar tuffar ado yake nema: ba ta cika tsawo ba, tana shiga tsakar gida, kuma idan ta yi fure babu mai wucewa bai waiga ba.

A shingen gonaki kuma akwai minjirya, mai ƙaya a jiki da jan fure siriri a kan reshe. Ita ba ta da wahala ko kaɗan: a sari reshe mai ƙwari a kafa a ƙasa da damina, sai ya kama. Jajayen 'ya'yanta suna da kyau a ido, amma ba a ci, don haka a ja wa ƙanne kunne.

Me ya sa duk waɗannan suka zaɓi rani? Idan babu ganye, tsuntsu da ƙudan zuma suna hango fure daga nesa. Sannan 'ya'yan suna samun lokacin nuna, ta yadda iri zai kasance a shirye idan ruwa ya sauka.

Abin da tafki ya haɗiye

A Wara, hedikwatar Ngaski, ruwa ya yi faɗi har ba a hango ƙetare sosai. Kafin 1968 babu wannan tafki. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, da aka kammala ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. An tashi fiye da mutum 40,000, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai da Kambari, aka gina musu sababbin matsugunai. Tsohon garin Busa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya rasu a 1806, shi ma yana ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta iya gina ɗaki cikin watanni, amma babu injiniyan da ya iya ɗauko tsamiyar ƙofar gida ko ɗorawar gado ya kai sabon gari. Har yau masunta da matuƙa jirgi suna kaffa-kaffa da kututturan da ke ɓoye a cikin tafkin. Manyan inuwoyin da kuke gani a sababbin garuruwan, da yawansu wani ne ya dasa ya yi ta ban ruwa, mai yiwuwa yana sa'anku a lokacin.

Yau ba ruwa ne ke cin itatuwan gaɓa ba, gatari ne. Bandar kifi tana cin itace, ga masu gawayi, ga sababbin gonaki. Gurjiya kuwa furenta ne ke jawo mata: mai neman miya yakan sare reshe ɗungurungum maimakon ya tsinka, kuma furen da aka cire ba zai zama iri ba. Bishiyar da ba ta bar 'ya'ya ba, ranar da ta faɗi zuriyarta ta ƙare a wurin.

Yadda za ku shuka taku

Ku tsinci busasshen kwanson marga ko na filamboyan da rani, ku fasa ku fitar da iri. Ɓawon irin yana da tauri, don haka ku ɗan goga gefensa a kan dutse, ko ku zuba masa ruwan zafi ku bar shi ya kwana a ciki. Ku cika ledar ruwa da aka yar da haɗin ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ku huda gindinta, ku shuka a watan Maris, ku ajiye a inuwa kuna yayyafi safe da yamma.

Sai damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, za ku dasa. Ku haƙa rami mai zurfin rabin mita da faɗin haka. Filamboyan saiwarta a sama take yawo, tana iya tsaga katanga, don haka ku nisanta ta da gini da aƙalla mita 6, ko ku bar ta ga filin makaranta. Marga ta fi dacewa da tsakar gida. Ku kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar farko, domin akuya ba ta jiran gobe. A rani biyu na farko ruwan alwala ya ishe ta. Ku shimfiɗa ɓuntun shinkafa a kewaye don riƙe laima, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara.

Akwai gargaɗi na musamman ga 'yan bakin tafki. Lokacin dashe shi ne lokacin da ruwan Kainji ya fi ja da baya. Daga wajen Satumba farin ruwa na damina yake cika shi, sannan baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali, ya iso da hunturu ya riƙe shi a cike. Filin da kuka gani a bushe a Yuli yana iya zama wurin jefa taru a Disamba. Ku tambayi wani dattijon masunci iyakar inda ruwa ke kaiwa, ku dasa sama da nan.

Fure ba zai zo da wuri ba, sai an ba shi shekara huɗu ko biyar, wani lokaci fiye. Ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da ya dasa a bana yana iya ganin furen farko kafin ya rubuta jarrabawar fita. Kafin nan ga ƙaramin aiki: ku ware shafi ɗaya a littafinku, ku rubuta ranar da kuka fara ganin furen gurjiya, da na ɗorawa, da na marga, da wurin da kowace take. Ku tambayi kakanninku sunanta da Gunganci ko Kambarci ko Shanganci, ku rubuta a gefe. Idan kowane aji ya yi haka shekara uku a jere, makarantarku za ta mallaki kalandar furen ƙasar Yauri, kuma ku ne kuka rubuta ta.