Tabotaki: tsaron gida daga kan dutsi yake farawa

Matafiyin da ya bar Madawa ya nufi arewa, bayan Buza sai ya shiga tsakiyar Adar: tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙin dutse, kwaruruka masu zurfi. Nan Tabotaki take, ƙaramar hukumar karkara cikin gundumar Buza, jihar Tawa, ba nisa da ƙasar Keita. Da rani, baƙo ba zai yarda cewa ruwa na iya yin ɓarna a wannan wuri ba. Ƙoramu a bushe suke, yara na kora awaki cikin rairayinsu.

Amma ƙasa ce da ruwan shekara duka ke sauka cikin wata uku, wani lokaci babban rabonsa cikin ƴan kwanaki. Idan ya faɗi bisa fako, inda babu itace babu ciyawa, ba ya nutsewa. Gangarowa yake da gudu, ya tara yashi da tsakuwa, ya faɗa ƙorama. Ƙorama kuwa kowace damina sai ta ci gaɓarta, ta matso gonaki, daga nan rumbuna, daga nan katangun ƙasa. Ambaliyar 2024 ta halaka mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma gidajen laka ne suka fi rushewa.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar zuwa Turai neman magani, domin yana ƙofar gidansu. A 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji suka soma dasa layukan dogon yaro cikin kwarin Maggiya, don kare hatsi daga iska. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, hukumar PAM na biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi biɗa, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Suka jera kunyoyin dutse bisa tuddai, suka haƙa ramuka a gangare, aka datse ƙoramu da duwatsu cikin ragar ƙarfe. Cikin shekara kusan ashirin an farfaɗo da fiye da hekta 30.000, an dasa itace kimanin miliyan 18.

Hikimar aikin ɗaya ce: a tare ruwa tun yana sama, kafin ya yi ƙarfi. Kowane rami, kowace bagaruwa ko magarya, na rage masa gudu, ta ba shi lokacin shiga ƙasa. Ruwan da zai rushe ɗaki a watan Agusta, shi ne zai cika rijiyar mai albasa a watan Janairu.

Sai dai gari na ƙaruwa, kuma kowane ango na son nasa gida. Filin da ya fi sauƙin samu shi ne wanda kakanni suka bari da gangan tsakanin unguwa da ƙorama, inda gawo da kalgo suke tsaye. Mai neman wurin gini yana ganinsa kango ne, mai itacen girki yana ganinsa dami ne. Alhali wannan fili shi ne ganuwar unguwa: saiwoyi na riƙe gaɓa, ruwan da ya tumbatsa kuma na samun wurin bazuwa.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya matso da sha'anin filayen gari kusa da talakawa a wancan lokaci. Ya rage ga hukumar gari, hakimai da masu unguwanni su shata wannan fili, su hana yanka shi, su gyara datsin da ya tsufa tun kafin hadari ya haɗu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A Tabotaki, rigakafin dutse ne da itace, kuma duka biyu Allah ya hore su.